Tagar Maman Mumo

Kavata Nzomo ta fara aiki ne da fensir da ɗan littafi, tana 'yar shekara goma sha tara, a gidan wayar tarho na Machakos. Lokacin ba a san wayar hannu ba. Ɗaki ne dogo, cike da ƙarafa jeri-jeri tun daga ƙasa har rufi, suna ƙas-ƙas-ƙas duk sanda wani a gari ya ɗaga kan tarho. A bangon ƙarshe akwai ƙananan mitoci masu baƙaƙen lambobi, sun kai sittin. Wannan tana ƙirga sau nawa aka nemi layin Nairobi, waccan tana ƙirga sau nawa aka nema aka tarar duk layukan a cike. Aikin Kavata kowace safiya shi ne ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwafe lambobin, ta ɗebe na jiya daga na yau, ta kai wa injiniya.

Sauran ma'aikatan sun ɗauki wannan aiki horo ne, wanda ake ba sabon shiga har ya gaji ya nemi canji. Kavata ba ta nemi canji ba. Cikin wata shida ta gane cewa garin kaf yana cikin ɗan littafinta. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, lambobin sai su yi tsalle tun ƙarfe takwas. Shekarar da ruwan sama ya yi jinkiri, layin ƙauyuka ya yi tsit, don ba mai labari mai daɗi da zai bayar. Ba ta taɓa sa kunne a hirar kowa ba, amma takan san ranar da garin ya tashi da damuwa. Wai ƙarfe, ba ido ba kunne, ya faɗa maka gaskiya in ka san inda za ka tambaye shi! Mamakin nan ya kama ta tun lokacin, kuma bai sake ta ba har ta yi furfura.

Shekara ashirin da biyu ta yi a wurin. Aka zo aka kwashe ƙarafan aka sayar wa masu gwangwan, aka kawo akwatuna marasa ƙara, daga baya aka sallami ma'aikata da yawa har da ita. Tana da 'ya'ya biyu a makaranta, mijinta Muindi kuma malamin firamare ne. Wata macen da sai ta buɗe shagon kayan miya, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ita sai ta kama ɗan lungu a Nairobi tana gyaran kwamfuta, tana tsintar tsofaffin littattafai a wurin masu shimfiɗa su a bakin titi. A nan ta ci karo da Linux, manhajar nan da dubban mutane a faɗin duniya suke rubutawa tare, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya karanta kyauta. Ta karanta kuwa. Mutane na cikin matatu, ƙaramar motar haya, suna duba labarin ƙwallo, ita tana riƙe da takardun da ta buga, tana bin layi da yatsa, tana son ta gane yadda na'ura ke sanin an danna harafi.

Tana da shekara hamsin wani ƙaramin kamfani a unguwar masana'antu ya ɗauke ta. Suna ƙera na'urar hoton ciki ta masu juna biyu, 'yar ƙarama, wadda ungozoma za ta jefa a jaka ta hau babur da ita zuwa ƙauye. A can kowa Maman Mumo yake ce mata, da sunan ɗanta na fari, har maigidan kamfanin, Gicheha, wanda ba ya tuna sunan kowa. Teburinta yana jingine da na Lusweti, mutumin Bungoma, ƙato mai shekara arba'in da biyar, wanda ba a taɓa ganin hannunsa ba kofin shayi ba. Shekara tara suka yi yana ce mata mai asiri, tana ce masa maƙiyin kaji saboda yawan cin su, kuma in ɗaya bai zo aiki ba ɗayan yakan yini kamar an yi masa sata.

Abin da ya kawo labarin nan ya taso ne da sabon samfuri. Hoton ɗan tayi yana tafiya sumul, sai kawai ya daskare rabin daƙiƙa, sannan ya ci gaba. Rabin daƙiƙa ba komai ba ne, sai ga ungozomar da ke kallon bugun wata zuciya mai girman ƙwayar wake. Injiniyoyi kuwa, Allah ya yi musu baiwar zato. Wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce batir ne, Lusweti ya rantse waya ce, kowanne ya kafe a kan nasa kamar a mafarki aka nuna masa. Wata huɗu aka yi ana canza abubuwan da lafiyarsu ƙalau.

Kavata ba ta yi zato ba, don ba ta iya ba. Ta ɗauko littafin cif ɗin, ɗan baƙin abin nan mai faɗin farce da ke tsakiyar allon na'urar, wanda shi ne ƙwaƙwalwarta. Littafi ne mai shafi dubu huɗu da ɗoriya, irin wanda ake rubutawa ba don a karanta ba. A shafi na dubu uku da ɗari biyu ta same su. Tsakanin ƙwaƙwalwar da rumbun da take ajiye bayanai akwai hanya, a bakin hanyar kuma masu ƙerawa sun dasa mita huɗu. Suna iya ƙirga abin da ya shiga, da abin da ya fita, da sau nawa aka zo aka tarar hanyar a cike. Sun dasa su don gwajin kansu, suka rubuta shafi uku a kai, suka manta. An sayar da miliyoyin cif ɗin nan, yana cikin akwatunan talabijin da injinan shago da na'urorin asibiti, kuma a cikin kowanne mitocin nan huɗu suna kwance, ba wanda ya taɓa tada su.

Sai dai ba a kai musu hannu haka kawai. Manhaja sashe biyu ce. Akwai ta ciki, wadda suke kira kanel, ita kaɗai ke da izinin taɓa ƙarfe. Akwai na waje, wato duk shirye-shiryen da mutane ke aiki da su, waɗanda ba sa shiga ciki ko da wasa, sai dai su tsaya a taga su roƙa a miƙo musu. In ba taga, ba magana. Abin da Kavata ta zauna rubutawa shi ne direba, ɗan yankin kanel da ya san harshen ƙarfe guda: ya tada mitocin, ya karanto su, ya miƙa lambar ta taga ga duk wanda ya tambaya. Mako uku ta yi a kai.

Ranar wata Talata da la'asar ta ce, "Lusweti, ajiye kofin nan ka zo."

"Ko gobara ce, Maman Mumo, bari in shanye tukuna."

"Ka zo, na ce."

Ya zo da kofin. Ta danna, wata doguwar lamba ta fito. Ta ce masa ya ƙifta ido. Ya ƙifta. Ta sake dannawa, lambar ta ƙaru da miliyan talatin da wani abu.

"Miliyan talatin na me?"

"Sawu. Sau miliyan talatin aka je rumbu aka dawo kafin ka buɗe idon nan naka."

Lusweti ya ajiye kofin a kan takardunta, abin da ya san an hana shi. "Ai na daɗe ina faɗa, ku mutanen Machakos ba a banza kuke ba. Wane ganye kika turara masa?"

Ba ta yi dariya ba, ba ta ma ji shi ba. A gidan waya, ranar da ta fi kowace cunkoso a shekara ashirin da biyu, mitar layin Nairobi ta motsa sau dubu huɗu daga safe zuwa yamma, kuma sun yi mako suna zancen. Ga shi yanzu a cikin abin da bai kai farcenta ba ana kai da komo sau miliyan ɗari kowace daƙiƙa, ba ƙara, ba ƙura, ba wanda ya yi karo da wani, kuma haka ake yi tun ranar da aka kunna shi, ita tana zaune kusa da shi tana cin ayaba. Ta ji irin abin da takan ji a coci in muryoyi suka haɗu daidai.

Kwana shida bayan nan mitocin suka tona asirin ɓarawon. Sashen da ke zana hoto yana kwafar kowane hoto sau uku ba dalili, hanyar rumbu tana shaƙewa, komai ya tsaya jira. Aka cire kwafi biyu, hoton ya daina daskarewa. Gicheha ya zo har teburinta ya ce, "Madalla, Maman Mumo, an gama ke nan."

Ta ce, "Namu ne aka gama, ranka ya daɗe. Saura na mutane."

Al'adar masu Linux ke nan. In ka buɗe taga a gidanka, ba ka riƙe ta kai kaɗai. Ka aika ta a sa a babban ginin, duk mai irin cif ɗinka a duniya ya samu. Ana aikawa ne a wasiƙa tsirara, ba ado, zuwa dandalin da dubban mutane ke karantawa, kuma abin da aka aika faci suke ce masa. A ƙasan facin kana sa sunanka na gaskiya, alamar aikinka ne kuma kana tsaye a kansa. Kowane yanki yana da mai tsaronsa, wanda sai ya ce to ake shiga. Mai tsaron wannan yanki wani ne Halvard, a Norway, wanda Kavata ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ba ta ma san ko tsoho ne ko saurayi ba.

Layi ɗari shida ta aika. Amsar ta zo da gyara arba'in da bakwai, ba sallama ba godiya.

Lusweti ya leƙa ya karanta ya ce, "Wannan a daji aka haife shi? Ko ina gajiya babu?"

Ita ma ta ji zafi, ƙarya ne a ce ba ta ji ba. Amma da ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta tarar arba'in da biyar gaskiyarsa ne. Mutumin da bai san ta ba, ba kuma abin da zai ci a wurinta, ya karanta kowane layi nata fiye da yadda wani ya taɓa karanta mata wani abu a rayuwarta. Ya ga inda shirye-shirye biyu za su iya neman mita ɗaya a lokaci guda su yi rikici. Ya ga inda lambar za ta cika ta koma sifili ba wanda ya lura. A kan sauran biyun ta yi gardama, ta ci ɗaya, kuma ranar ta sayo wa ofis mandazi, irin fanken can, suka ci har Lusweti ya kasa tashi.

Haka aka yi ta yi. Ta gyara ta aika, a jira mako uku, ya dawo da saura. Sau goma sha ɗaya, wata goma sha huɗu. Sai ran nan amsa ta zo mai kalma biyu: "An ɗauka." Facin ya shiga jerin abubuwan da za a gwada na 'yan makonni kafin sabuwar fitowa ta hukuma.

To a nan akwai dokar da mutanen nan suke riƙe da ita fiye da yadda wasu ke riƙe da addininsu. Taga in ta fita duniya a fitowa ta hukuma, ta zauna ke nan. Ana iya rushe duk abin da ke cikin kanel a sake gini, kullum ma yi ake, amma alkawarin da aka yi wa na waje ba a janye shi ko an gane kuskure ne, domin ba ka san wa ya ɗora gininsa a kai ba. Akwai tagogi a ciki masu shekara talatin, karkatattu, kowa ya san karkatattu ne, ana ta ɗawainiya da su ana tsaki. Makonnin gwaji su ne dama ta ƙarshe.

Ranar fitowar ta faɗo mako guda kafin Kavata ta cika sittin ta ajiye aiki. Ta ga wannan shirin Allah ne. Ta faɗa wa Muindi, ta faɗa wa Mumo, ta faɗa wa matan ƙungiyar waƙa ta coci, waɗanda ba su gane ko kalma ɗaya ba amma suka ce amin da ƙarfi. Tana son abin nan, so na gaske. Shekara arba'in da ɗaya tana aikin da ba ya barin alama, gidan wayar ma an mai da shi shagon katifa. Tana son ta tafi gida ta bar abu ɗaya a duniya da sunanta a ƙasa, yana aiki a na'urorin mutanen da ba za su taɓa jin labarin Machakos ba.

Ana saura kwana goma sha ɗaya, ranar Laraba, sabbin alluna suka iso kamfanin, na samfurin baɗi. Cif iri ɗaya ne, rumbun ne ya fi girma. Ba wanda ya ce ta gwada su. Ta ɗauki ɗaya ne kawai don hannunta ba ya iya zama. Ta yi gwajin da ta saba: ta sa na'urar ta kwafi bayanan da ita ta san yawansu, ta ga ko mitar za ta faɗi daidai. A tsofaffin alluna ba ta taɓa kuskure ba. A sabon, ta faɗi rabi. Ba kusan rabi ba, rabi cif. Ta ɗauko wani allon, rabi. Ta ɗauko na uku, shi ma rabi.

Kafin azahar ta gano. Mitar ba kaya take ƙirgawa ba, sawu take ƙirgawa. A tsohon allo hanyar rumbu ƙuntatacciya ce, kowane sawu yana ɗauke da bayit goma sha shida, bayit kuwa shi ne mudun da ake auna bayanai da shi. A sabon allo hanyar ta ninka faɗi, kowane sawu talatin da biyu yake ɗauka. Wanda ya rubuta shafi ukun nan na littafin ƙuntatacciyar kawai ya sani, ya rubuta goma sha shida kamar doka. Ita kuma ta kwafe shi cikin takardar alkawarin tagarta, baƙi a kan fari: kowace ƙirga bayit goma sha shida ce. Tagar tana miƙa ƙirgar ne yadda take, na waje su ninka da kansu.

A rumfar abinci da ke bayan kamfanin ta faɗa wa Lusweti, kwanon dafa-dukan masara da wake yana gabanta yana hucewa.

Ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni. Yanzu da kai."

"To ni na manta. Kin ga, shi ke nan. Ci abincinki."

"Lusweti."

"Ki ji mana, Maman Mumo. Alluna masu faɗin nan nawa ne a duniya yau? Ki bari ta fita. Bayan wata uku a buɗe wata taga a gefenta mai faɗin daidai. Ba haka ake yi ba?"

"Haka ake yi. Ta farkon kuma ta zauna tana ƙarya har a tashi duniya, da sunana a ƙasa."

"Haba, ƙarya kuma? Shi wancan Halvard mai bakin barkonon sau goma sha ɗaya ya duba bai gani ba, sai ke?"

"Shi ba shi da allon. Ni ina da shi." Ta ture kwanon. "Wani zai zauna a wani gari, na'urarsa tana shaƙewa, ya tambayi mitar, ta ce masa hanya rabi ce kawai ta cika. Ya yarda da ita, don mita ce, ya tafi neman ciwon a batir. Mu wata nawa muka yi a batir?"

"To ki gyara. Kwana goma sha ɗaya ai ba kaɗan ba ne ga mai asiri."

"Direban bai san faɗin hanyar ba. Sai an koya wa allo ya faɗa masa, wannan kuma wasu mutane ne daban ke duba shi, su ma da nasu zagayen. Wata shida, in an yi sauri. Kuma ana saura kwanaki ba a karɓar sabon gini, ka sani. Cirewa kawai ake karɓa."

Lusweti ya san sauran. Nan da wata shida tana Machakos tana korar awaki daga gindin mangwaro, allunan kuwa na kamfani ne, kuma ita ba mai sa sunanta a kan abin da ba ta gwada a ƙarfe da hannunta ba ce. Da ya sake magana bai ce Maman Mumo ba.

"Yaya, wata goma sha huɗu fa. Ina nan ina kallonki. Don Allah ki bar wa kanki wannan."

Da a ce labarin waliyyai ake bayarwa, da sai a ce ta koma ofis nan take ta rubuta wasiƙa. Ba ta rubuta ba. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a ta yini tana ƙirƙiro sabbin gwaje-gwaje, ko ɗaya zai ce mata ita ce ta rikice. Duk suka ce rabi. Ta ji haushin mai littafin, ta ji haushin sabbin allunan da ba su jira mako biyu ba, ta ji haushin hannunta da ya ɗauko su.

Ranar Lahadi bayan coci, a gonarsu ta Machakos, ta zayyana wa Muindi komai yana ɗaure reshen da iska ta karya. Ya saurara har ƙarshe kamar yadda ya saba sauraron 'yan aji uku.

Ya ce, "Maman Mumo, ni ban gane sha shida da talatin da biyun nan ba, kuma kada ki sake bayani. Abin da na sani, in kika yi shiru ni zan sha wuya. Shekara ashirin za ki yi kina kawo mini su a kan tuwo. Ni kuma na yi ritaya ne don in huta."

Ta ce masa ba shi da tausayi. Ya ce ya sani. Ta riƙe masa reshen ya gama ɗaurewa.

Litinin da safe, kafin ta cire mayafinta, ta zauna ta rubuta.

"Halvard, direban da na aiko yana faɗin rabin gaskiya a kan alluna masu faffaɗar hanya. Ga gwajin, ga lambobin. Kuskuren yana cikin alkawarin tagar, ba zai gyaru bayan fitowa ba. Ga facin da ke cire shi gaba ɗaya. Laifina ne: na yarda da littafi a inda ya kamata in gwada."

Ta sa sunanta a ƙasa, kamar yadda ta sa sau goma sha ɗaya. Wasiƙar dandali ba ta gogewa. Dubbai za su karanta yau, kuma bayan shekara hamsin duk mai nema zai same ta. Ta daɗe da yatsa a kan madanni. Lusweti yana teburinsa ya juya mata baya, yana ta motsa shayin da ba sukari a ciki. Ta danna.

Minti arba'in amsar ta zo. "Kin yi daidai. An cire. Ni ma ban gani ba." Bayan awa biyu wani daga Taiwan ya rubuto cewa shi ma ya ga rabi a makon jiya, ya ɗauka allonsa ne ya lalace, har ya jefa shi a kwandon shara.

Fitowar ta zo a ranarta. Washegari da safe Kavata ta sauke ta, ta ɗora a allo, ta nemi tagar duk da ta san ba ta nan. Sannan ta buɗe tarihin ginin, inda ake rubuta duk wanda ya taɓa sa hannu tun farko, ta nemi sunanta. Sau biyu ya fito. A na farko Kavata Nzomo ta ƙara layi ɗari shida. A na biyu Kavata Nzomo ta cire layi ɗari shida.

Lusweti ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Ɗari shida a ɗebe ɗari shida, ko ni ɗan Bungoma na san..." Sai ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran. Ya je ya haɗo mata shayi da hannunsa, ya ajiye nesa da takardun.

Ranar Juma'a aka yi mata walima. Gicheha ya yi jawabi, ya ba ta tankin ruwa na gona, ya kusa tuna sunanta na yanka. Ta miƙa wa Lusweti littattafan rubutunta guda huɗu, ta nuna masa inda ta tsaya da abin da ya rage, ta gargaɗe shi kada ya yi wa Halvard gardama sai ya gwada sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta hau matatu da jakarta a cinya, ta tafi gida.

Wata takwas bayan nan, tsakiyar kakar mangwaro, wayarta ta yi ƙara tana cikin gona.

"Yaya, ta fita! Jiya ta fita. Tagar tana ciki." Muryar Lusweti ce, yana haki kamar ya yi gudu. Sai ya sassauta. "Sunana ne a sama, haka ƙa'idar take, tunda ni na ƙarasa na gwada. Naki yana ƙasa, na rubuta cewa a kan aikinki na ɗora. Na so a juya, na rantse na so..."

"Allon mai faɗi yana gabanka?"

"Yana nan."

"Kwafi abin da ka san yawansa, ka karanto mini."

Ta ji ƙarar madannai. Ya faɗi abin da ya kwafa, ya faɗi abin da mitar ta ce. Daidai suke.

"Mai ƙuncin fa?"

Ya canza allo, ya sake. Daidai.

Ta tsaya da wayar a kunne. A wannan lokacin, a garuruwan da ba ta san sunansu ba, wasu da ba su san nata ba za su fara tada mitocin nan huɗu, su tambaya, a faɗa musu gaskiya. Abin da ta so ke nan, kuma ya samu, sai dai ba ta hannunta ba.

"Yaya? Kina ji na? Ko layin ne?"

Ta ce, "To." Ta kashe wayar, ta kifa kwandon ta zauna a kai, ta yi kukan da ta riƙe wata takwas. Muindi ya tsaya daga nesa da sandar tsinko a hannu, bai matso ba, don bai san ko na murna ba ne, ita ma kuwa ba ta sani ba.